Hoto Shida, Kunne a Waje

Abu ɗaya Inna ta ce in kawo mata. Ranar da zan taso ta riƙe mini hannu a bakin ƙofa ta ce, "Kayansa ki rabar a can, ba na so. Ke dai ki kawo mini hotonsa. Na yanzu fa, ba na samartaka ba. In ga da wace fuska ya koma ga Ubangijinsa."

Na ce to. A raina na ce wannan ai ba aiki ba ne. Mutum ya shekara goma sha tara a gari, a ce a rasa hotonsa guda a ɗakinsa?

Auta ƙanena ne, shi ne na bakwai a ɗakinmu kuma daga shi Inna ta rufe. Yana da ashirin da uku ya tsallake ƙasa uku ya zo wannan birni ya kama aikin walda. Shekara shida na farko yana aiko da hoto, na ƙarshen yana jingine da wata mota da kowa ya san ba tasa ba ce. Daga nan hoto ya ɗauke. Waya kam bai taɓa fashi ba, duk Juma'a da hantsi sai ya kira Inna sun sha hira. Amma ka ce ya turo hoto, sai ya ce wayarsa ba ta ɗauka. Ka ce ya zo gida, sai ya ce baɗi. Baɗi goma sha uku muka ƙirga. Wata uku da suka wuce aka kira daga garejin da yake aiki, wani ya gaya mana da harshenmu a karye cewa zazzaɓi ya kwantar da shi kwana huɗu, ya cika, an riga an binne shi.

Yayyensa maza uku kowa ya kawo uzurinsa, har da mai ciwon baya. Ni da na ajiye alli bayan shekara talatin ina fama da 'yan aji uku, aka ce ai Yaya ba ta da abin yi. Haka aka buga mini bizar kwana goma sha huɗu.

Ɗakinsa yana can ƙololuwar wani bene hawa uku, matakala arba'in da ɗaya, na ƙirga da gwiwata. Mai gidan wata mata ce gajera mai tarin makullai a ƙugu, tana tafe suna kuka, don haka na sa mata Mai Makullai. Ba ta jin harshena, ba na jin nata. Ta buɗe mini ƙofa, ta nuna gadon, sai ta ɗora tafin hannunta a kan idonta na hagu tana girgiza kai. Na ce a raina, to, su haka suke gaisuwar mutuwa a nan. Baƙo ba ya raina abin mutane, sai ni ma na ɗora hannu a idona na rusuna. Ta tsaya ta dube ni wani iri, sannan ta sauka abinta.

Kayan ɗakin ba su kai a kira su kaya ba. Gado, tabarma, tukunya biyu, kofi ɗaya, rediyo, 'yan riguna a ƙusa. Baƙin tabarau har guda huɗu, na ce mai walda ne, ba abin mamaki ba. Teburinsa duk tabon shayi ne ta gefe ɗaya, kamar yaro ne ke zubawa. Madubi babu, ko ɗan guntu. Na ɗaga katifa, na zazzage akwati, na laluba aljihun kowace riga. Hoto ko na magani babu.

A ƙasan akwatin ne na ga wayar. Babbar waya mai kyamara, wadda ni da kaina na saya shekara biyar baya na ba wani direba ya kawo masa don mu riƙa ganin juna. Tana cikin kwalinta, ko ledar fuskarta ba a ɓare ba. Auta ya ce mini wai direban ya yar a hanya, har na je tasha na wanke bawan Allah tas a gaban mutane. Na zauna a bakin gado riƙe da kwalin nan, raina ya ɓaci ƙwarai. Wallahi da yana nan da ya ji abin da bai taɓa ji ba. Mamaci dai ba a yi masa faɗa, sai na haɗiye na tashi neman ruwa.

Zama a garin da ba a jin maganarka aiki ne. Ruwa a famfon ƙasa yake, kuma daga ƙarfe shida zuwa takwas na safe yake zuwa, in ka makara sai gobe. Tukunyar gas ɗin Auta ta ƙare a rana ta biyu. Na sauko da ita matakala arba'in da ɗaya, na kai shagon kwana, mutumin ya duba bakinta ya ce ba irin tasu ba ce, ya nuna mini can gaba da leɓe. Layin waya sai da fasfo, na koma na ɗauko fasfo, na dawo na tarar mai sayarwar ta tafi cin abinci ta bar kujerarta tana tsare shagon. Motocin haya suna da lamba a goshi, amma lambar ba ta hana su zuwa inda suka ga dama. Na koyi kalma huɗu: nawa, ya yi tsada, tsaya, na gode. Da su na rayu, kuma ta biyun ta fi yi mini amfani.

Duk inda na je a unguwar an san ni kafin in buɗe baki. Mai burodi ta nuna benen, ta ɗora hannu a idon hagu. Na mayar mata. Mai gas ma haka, na mayar masa. Har na gwanance, ina yi ina ɗan karkatar da kai. Na ce zan ba Inna labari, mutanen nan suna da zumunci, ko ba ka san su ba sai sun yi maka gaisuwa.

Rana ta biyar na je garejin. Fili ne cike da ƙofofin ƙarfe da gadajen da ba a gama ba, ƙara kamar ta fasa kai. Suka tsayar da aiki, suka ba ni kujera, hannuwa suka hau idanu, ni ma na ɗora nawa. Aka nemo direban garejin, wanda ya kira mu ranar rasuwar, mai jin harshenmu sama-sama. Na ce hoto nake nema. Suka yi ta duba wayoyinsu, can wani ya yi ihun murna ya miƙo mini tasa. Mutum bakwai ne a jere suna dariya, sai na takwas a can baya, ya rufe fuskarsa da murfin walda.

"Ga shi nan," in ji direban. "Shi ba son hoto."

"Na ga alama," na ce. "Takardunsa fa? Fasfo, katin zama?"

"Duka ofishin baƙi. Baƙo mutu, takarda koma hukuma."

Shi ya kai ni maƙabarta da yamma ya nuna mini wurin daga bakin katanga. Na yi addu'ar da zan yi na dawo.

Ofishin baƙi dogon ɗaki ne mai benci shida da taga biyar, biyu ne kawai ke da mutum a ciki. Ana ba da lamba a ƙofa. Rana ta farko lambata ba ta zo ba aka rufe. Rana ta biyu na zo tun kafin mai shara, na samu shiga taga ta uku. Wata yarinya ce da na isa in haife ta, da dogayen farata masu fenti. Turancinta daban, nawa daban, amma mun haɗu a tsakiya. Ta ce fayil ɗin mamaci na hukuma ne. In ɗan uwa yana son wani abu daga ciki, ya cika fom, ya haɗo da hotonsa shida, amsa bayan mako shida.

"Kwana shida suka rage mini a ƙasar nan," na ce.

Ko a jikinta. Ta turo fom ɗin ta ƙarƙashin gilashi.

Na cika, don ba ni da wata hanya, na ce ko direban garejin ya karɓa ya aiko mini. Da ma na zo da ragowar hotunan da na ɗauka a gida na biza, na ƙirga shida na miƙa ina jin kaina mai tsari. Ta ɗaga ɗaya da farce biyu, ta mayar.

"Kunne," ta ce, ta ja nata kunnen. "Dole kunne a waje. Kuma baya shuɗi, ba fari ba. Tsallaka titi."

Na cika na batse. Shekara talatin ina korar yara su koma su gyara aiki, yau ga ni an kore ni a kan kunne.

Shagon mai hoton yana tsakanin mai buga takardu da mai yanka makulli, faɗinsa bai fi tabarma biyu ba. Shuɗin yadi a bango wanda ya koɗe daidai inda kawuna ke tsayawa, kujera mara baya, mataji ɗaure da zare, da wata kwat guda a rataye ta aro ga duk wanda ya zo da riga mara wuya. Sama da kantar shagon an jera gwangwanayen madara tun daga wannan bango har wancan, kowanne da shekara rubuce a jikinsa. Mai shagon tsoho ne siriri da tabarau a ƙarshen hanci. Ya ji ina ƙunƙuni ni kaɗai, sai ya gaishe ni da harshenmu, raɗau.

"A'a, Baba, a ina ka samo?"

"A kujerar nan. Shekara talatin da huɗu duk baƙon da ya shigo garin nan sai ya zauna a kanta. Harshe tara nake zagi da su. Zauna, 'yata. Ture ɗankwalin baya."

"Ba za a iya a haka ba?"

"Za a iya, sai ki koma ta sake koro ki."

To, a nan akwai magana. Kunnuwan gidanmu gado ne daga mahaifinmu, a buɗe suke kamar hannuwan tukunya, kuma na hagu samansa a lanƙwashe yake. Mu bakwai babu wanda ya tsira. Mazan sun sha tsokana a makaranta, ni kuwa tun ina 'yar shekara tara ɗankwali ya rufa mini asiri. Mijina ma, Allah ya ji ƙansa, sai bayan aure ya gani, ya ce an cuce shi. Na ture ɗankwalin ina hararar bango.

Ya leƙa cikin kyamara. Ya sauke ta, ya dube ni ta saman tabarau, ya sake leƙawa.

"Na san kunnen nan," ya ce.

"Baba, ɗauki hoto, ina da layi."

"Ni fuska ba ta zama a kaina, ta yi yawa. Kunne nake riƙewa, don shi nake gyara wa zama kullum. Ke 'yar uwar mai walda ce?" Sai ya ɗora tafin hannunsa a idon hagu.

Na ɗora nawa na rusuna. "Yayarsa ce. Na gode, Allah ya ba da lada."

"Ladar me?"

"Ta gaisuwa mana. Ba gaisuwar mutuwarku ke nan ba?"

"Wace mutuwa?"

Muka tsaya muna kallon juna, kowa da hannu a ido. Shi ya fara sauke nasa. Na gaya masa, zazzaɓi, kwana huɗu, wata uku da suka wuce. Ya jawo wani akwati ya zauna a kai. Ya ce watan gobe ne lokacin sabunta katinsa, yana ta zuba ido. Ya yi salati, ya yi masa addu'a, ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"To in ba gaisuwa ba ce," na ce, "mece ce? Duk unguwar haka suke yi mini."

"Kwatance ne, 'yata. Suna gaya miki sun san wanda kika zo dominsa. Mai ido ɗaya." Ya dube ni. "Ba ku sani ba."

Ba tambaya ya yi ba. Abin da ya fara zuwa mini shi ne fuskar Mai Makullai ranar farko. Kwana takwas ina yawo a unguwar da ƙanena ya zauna ina kwaikwayon idonsa ina karkatar da kai.

Tsohon ya tashi ya fara sauko da gwangwanaye. Yana saukewa yana bayani, kamar wanda ya saba yi wa mutane. Takardarsa hoto takwas take ɗauka, ofis kuwa shida yake so. Biyun da suka rage ba ya ba kowa, yana yankewa ya jefa a gwangwanin shekarar, saboda baƙi akwai yar da takardu, in mutum ya dawo a rikice sai ya samu abin farawa. Katin zama kuma duk shekara ake sabuntawa, duk shekara da sabon hoto. Ya zazzage gwangwani na farko a kan kanta, ɗaruruwan ƙananan fuskoki, ya sa yatsa yana turewa da sauri. Bai kalli ido ko hanci ba, gefen kai yake bi.

Ya ɗauke mu kusan awa biyu. Mutum uku suka shigo ya ce su dawo gobe. Ya jera su a kan gilashin kanta, goma sha tara, daga hagu zuwa dama.

Shida na farko Auta ne da na sani, kyakkyawan gidanmu, wanda Inna ke cewa shi kaɗai ya ɗauko idonta. A na uku ya fara ajiye gashin baki. A na biyar yana sanye da kwat ɗin nan da ke rataye a bayana. Na bakwai kuwa, idon hagu a rufe yake ya lotsa ciki, fatar wajen ta tattare tun daga gira har gefen baki, ta ja leɓen sama kaɗan. Kunnen ne kawai wutar ta bari. Tukunyar gas ce ta fashe, in ji tsohon, ya yi wata biyar a asibiti. Na tuna shekarar. Ya ce mana an tura su aiki wani ƙauye, shi ya sa muryarsa ke fita da ƙyar.

Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Tabon ya yi duhu, ya kwanta. Sanƙo ya fara. Furfura ta fito a gemu. A na ƙarshe ya zama mahaifinmu sak ta ɓangaren dama.

Ba tausayi ne ya fara kama ni ba, kunya ce. Babu abin da ban gaya masa a waya ba. Na ce masa mai girman kai, na ce ya samu duniya ya manta da uwarsa, na ce ranar da ta mutu kar ya zo mana da kuka. Shi kuwa sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Yaya ke nan, ba kya tsufa." Tabarau huɗu, ɗaki babu madubi, shayi yana zuba a gefen kofi, duk na gani da idona biyu na wuce.

"Saura waɗannan," in ji tsohon.

Ya jawo aljihun tebur ya ciro wata ambulan mai kauri. Manyan hotuna ne, kowanne ya kai tafin hannu biyu, guda goma sha uku. Auta ne a cikinsu, shekara bayan shekara, da sanƙonsa da furfurarsa, amma fuska sumul, ido biyu a buɗe.

"Duk shekara in mun gama na ofis sai ya ce, Baba, yi mini na Inna. In zauna a kwamfuta in share tabon, in ɗauko lafiyayyen idon in juya shi in dasa a ɗaya gefen. Aiki mai kyau, ki duba da kanki. Sai ya karɓa ya je bakin ƙofa wajen haske ya yi ta kallo. Can sai ya dawo ya ajiye ya ce, za ta gane. In ce haba, ni aikina ba a ganewa, na yi wa amare, na yi wa 'yan siyasa. Ya ce ba ka san ta ba. Ajiye, sai baɗi."

"Me ya sa bai gaya mata kawai ba?"

"Na tambaye shi sau ɗaya. Ya ce ranar da zai taso ta riƙe masa fuska da hannu biyu ta ce, yadda ka tafi haka nake so ka dawo mini."

Ina wurin aka yi. Ni ce ma na ce su yi sauri mota za ta tashi.

Ya zuba ƙananan a wata 'yar leda, ya haɗa mini da ambulan. Ya ce hotona fa, a ɗauka? Na ce a bar shi, na ja ɗankwalina na rufe kunnuwana. Fom ɗin taga ta uku da shi na naɗe burodi washegari.

Sauran kwanakin aike ne kawai. Na kai gado da katifa gareji, na ba mai burodi tukwane, rediyo na bar wa direban garejin. Wayar nan mai kwali na sa a jaka don in kai wa direban tasharmu in ba shi haƙuri. Ranar tafiya na miƙa wa Mai Makullai makullinta. Ta ɗaga hannu za ta kai ido, na kama hannun na riƙe a cikin nawa, na faɗa mata kalmata ta huɗu. Ta rako ni har bakin titi makullanta suna kuka.

A hanya na yanke shawara. Mutum ya rufe abinsa shekara goma sha uku, ba ni zan buɗe masa ba yana kabari. Inna kuma ta haura tamanin, hawan jini ga shi nan. Na zaɓi babban hoto na shekarar ƙarshe, na duba shi a hasken taga, na duba a inuwa, ban ga komai ba. Tsohon ya iya aikinsa. 'Yar ledar kuwa na tura ta can cikin aljihun jaka na ja zif.

Da la'asar na iso. Inna tana zaune a tabarma a bakin ɗakinta. Ba ta tambaye ni hanya ba, ba ta ce in sha ruwa ba, hannu kawai ta miƙo. Na durƙusa na ba ta. Ta sa aka ɗauko mata tabaranta, ta juya wajen haske.

"Oh, Auta da furfura," ta ce. Ta shafa gemun da yatsa. "Sanƙon ubansa." Har ta yi ɗan murmushi, na fara sakin numfashi.

Sai ta matso da hoton kusa da fuskarta. Ta nisanta shi. Ta sake matsowa.

"Wa ya taɓa wannan?"

"Taɓawa kamar yaya, Inna?"

"Kunnen nasa ne, hancin nasa ne. Amma wa ya yi wa ɗana idon dama guda biyu? Na hagunsa ƙarami ne, tun ranar da na haife shi, kuma da ɗan ɗigo a farinsa." Ta ajiye hoton a tabarma ta sake miƙo hannu. "Ba ni ɗayan."

"Wane ɗayan?"

"Ke, ni na haife ki."

Na zuge zif ɗin. Na ciro na ƙarshen daga cikin ledar, ɗan ƙarami, bai fi kan babban yatsa biyu ba. Ta ɗora shi a tafin hannunta ta daɗe tana kallo. Ba ta yi kuka ba. Ta sa ɗan yatsa a gefen da ya ƙone tana shafawa a hankali, kamar mai shafa wa yaro magani.

"Tun yaushe?"

"Shekara goma sha uku."

"Saboda wannan ɗan abin?" ta ce. "Saboda wannan ya hana ni ganinsa?"

Ban yi niyyar gaya mata sauran ba, kuma ban gaya mata ba. Ita ce ta juya tana kallon bakin ƙofar gida, inda mota ta tsaya ranar, na ga leɓenta yana motsi.

"Ni fa addu'a na yi masa," ta ce. "Ba sharaɗi na kafa masa ba."

Ta turo mini babban hoton da bayan hannu ta ce in kai inda zan kai. Sannan ta ce in ba ta sauran ƙananan, ta fara jera su a kan tabarma tun daga na bakwai.